Gilbat Luwis da asirin gishiri da ruwa

Babu gidan da ba ya da gishiri da ruwa. Kowa ya san in aka jefa gishiri cikin ruwa sai ya narke. Kowa ya san ruwa na tafasa bisa murhu cikin ɗan lokaci, amma gishiri ko tukunya ta ƙone yana nan yadda yake. Mi ya sa haka? Mi ke riƙe da gishiri, mi ke riƙe da ruwa? Masana sun daɗe suna wanga tambaya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ba da amsa mai ƙarfi shi ne wani malami ɗan ƙasar Amurka. A takarda ana rubuta sunansa Gilbert Newton Lewis, a baki kuma ana cewa Gilbat Luwis.

An haifi Luwis cikin watan Oktoba na shekarar 1875, a wani gari mai suna Wemas, kusa da birnin Boston. Ubansa lauya ne. A 1884 iyalin suka tashi suka koma jihar Nebraska, can tsakiyar ƙasar, inda gonaki suka fi gidaje yawa. Yaron ya iya karatu tun yana da shekara 3. Bai yi zaman lakkol sosai ba yana ƙarami, a gida iyayensa suka koya masa mafi yawan abin da ya sani. Watakila shi ya sa har ya tsufa bai saba da bin layi ba, kuma bai iya haƙuri da gardamar mutane ba.

Ya fara jami'a a Nebraska. A 1893 ya koma jami'ar Habad, ya gama a 1896. Ya koyar shekara ɗaya a wata makaranta, sannan ya dawo ya samu digirin dokta a 1899 a hannun wani babban malami mai suna Ricas. Fanninsa shi ne kimiyyar sinadarai, wadda ƴan lakkol ke kira shimi. A zamanin nan duk mai son wanga ilimi da gaske sai ya tahi Jamus. Luwis ma ya tahi. Ya zauna wurin Ostwal a birnin Laifzig, ya zauna wurin Nernst a birnin Gotingen. Tsakaninsa da Nernst jini bai haɗu ba. Ku riƙe wanga suna, za mu sake gamuwa da shi.

Abin da ke cikin atom

Kafin mu ci gaba da labarinsa, ƴan uwa masu karatu, sai mun san abin da yake bincike a kai.

Duk abin da muke gani, ƙasa, iska, ruwa, ƙarfe, har jikinmu, an gina shi da wasu ƴan ƙwayoyi da ake kira atom. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. In aka jera su cikin tsawon milimita ɗaya, miliyoyi za su shiga. Atom iri-iri ne. Yau an san iri 118, kuma wajen 90 daga cikinsu ana samun su cikin halitta. Akwai oksijen, akwai idirojen, akwai karbon wanda shi ne gawayi, akwai azot da manoma suka sani cikin takin zamani.

A 1897 wani Bature ɗan Ingila, Tomson, ya gano cewa cikin atom akwai wani abu da ya fi shi ƙanƙanta. Aka sa masa suna elektoron. Ku dubi pil na tocila. Kai ɗaya na da alamar ƙari, ɗaya kan na da alamar ragi. To, elektoron na ɗauke da wutar ragi, cibiyar atom kuma na ɗauke da wutar ƙari. Ƙari da ragi suna jan juna. Ragi da ragi kuwa suna tura juna.

Tun kafin haka masana sun san atom na haɗuwa da atom, kuma da ƙa'ida suke haɗuwa. Idirojen 2 da oksijen 1 su ke ba da ruwa, ko a Tawa ko a Tokiyo. A takarda suna ja ɗan layi tsakanin atom biyu don nuna cewa akwai ɗauri. Amma in ka tambaye su mi ne ne wanga layi, da mi aka yi shi, babu mai amsa.

Akwati mai kusurwa takwas

Da Luwis ya komo daga Jamus ya koma koyarwa a Habad. Yana neman hanya mai sauƙi da zai nuna wa ɗalibai dalilin da ya sa halin atom ke maimaita kansa bayan kowane takwas in aka jera su. Ranar 28 ga Maris 1902 ya zana wani abu a takarda, kuma takardar an adana ta. Ya zana atom kamar ɗan akwati, irin dunƙulen Maggi. Ƙirga kusurwoyin dunƙulen, za ka samu 8. Luwis ya ɗora elektoron na bayan atom bisa kusurwoyin nan. Atom ɗin da kusurwoyinsa 8 suka cika, ya natsu, ba ya neman kowa. Haka iskar neyon da iskar argon suke, da wuya su haɗu da wani abu. Wanda bai cika ba kuwa, sai ya nemi hanyar cikawa.

Mu ɗauki gishiri. Atom iri biyu ne cikinsa, sodiyom da kulor. Sodiyom wani ƙarfe ne mai taushi, wuƙa na yanka shi, kuma in ya taɓa ruwa sai ya yi ta tartsatsi har ya kama wuta. Kulor iska ce mai guba, launinta tsakanin rawaya da kore. Ko ɗaya cikinsu ba ya shiga baki. Amma in sun haɗu, ga gishirin miya.

Ga yadda abin ke faruwa. Sodiyom na da elektoron 11. Suna zaune hawa-hawa: 2 a ciki, 8 a tsakiya, 1 tak a waje. Kulor na da 17: 2 a ciki, 8 a tsakiya, 7 a waje. Ka ga sodiyom na da ɗaya da ya yi masa yawa, kulor kuma saura ɗaya ya cika takwas. Sai elektoron ɗin nan guda ya bar sodiyom ya koma wurin kulor. Yanzu hawan waje na kowannensu ya zama 8. Amma fa sodiyom ya rasa ragi ɗaya, don haka ƙari ya rinjaya a jikinsa. Kulor ya samu ragi ɗaya, ragi ya rinjaya a nasa. Atom ɗin da ya zama haka ana ce masa iyon. Tunda ƙari da ragi na jan juna, sai su manne. Wanga shi ne ɗaurin iyon.

Kada a ɗauka biyu-biyu suke zama kamar mata da miji. Cikin ƙwayar gishiri kowane sodiyom na kewaye da kulor 6, kowane kulor kuma na kewaye da sodiyom 6, jeri bisa jeri kamar tubalin gini. Kowa na jan kowa. Shi ya sa sai zafi ya kai digiri 801 kafin gishiri ya narke da wuta, alhali ruwa na tafasa a digiri 100. Kantun da raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma da farin gishirin leda na kanti, wanga ɗauri guda ne cikinsu.

Luwis bai buga wanga zane ba a lokacin. A Habad bai samu mai ƙarfafa masa gwiwa ba. Kuma shi da kansa ya ga inda zanen ya gaza. Ya bayyana gishiri, amma bai bayyana ruwa ba, bai bayyana mai da sukari ba. Dubi iskar idirojen: atom biyu ne iri ɗaya suke manne. Wa zai ba wani, wa zai karɓa, tunda ƙarfinsu ɗaya? Wanga tambaya ta zauna masa a rai shekara 14.

A 1904 ya bar Habad ya tahi Manila, a tsibiran Filifin, ya zama mai kula da ma'auni da sikeli. Shekara ɗaya ya yi. Daga nan ya komo Boston, ya shiga babbar makarantar fasaha ta MIT. Shekara 7 ya yi can yana aiki kan zafi da ƙarfin da ke sa sinadarai su canza, har sunansa ya fito. A 1912 ya auri Meri Sheldon. Cikin wannan shekara jami'ar Kalifoniya da ke garin Barkili ta kira shi ya shugabanci sashen shimi. A nan ya zauna har ƙarshen ransa.

Rijiya ɗaya, gida biyu

A 1916 Luwis ya buga takardar da ta sa ba a manta da shi. Sunanta, in aka juya da Hausa, Atom da Molekil. Molekil shi ne ƙungiyar atom da suka ɗauru wuri guda. Amsar da ya kawo gajera ce. Ba dole ne atom ya ba da elektoron ɗinsa gaba ɗaya ba. Atom biyu na iya yin tarayya. Wannan ya kawo ɗaya, wancan ya kawo ɗaya, su aje biyun a tsakaninsu, kowa ya ƙirga su cikin nasa.

Kamar maƙwabta biyu ne da suka haɗa kuɗi suka gina rijiya a kan iyakar gidajensu. In ka tambayi na gabas, yana da rijiya. In ka tambayi na yamma, yana da rijiya. Rijiyar kuwa ɗaya ce, kuma ita ce ta hana ɗayansu tashi ya bar wurin. Haka elektoron biyun nan suke. Suna tsakani da wutarsu ta ragi, cibiyoyin atom biyu masu wutar ƙari duk suna jan su. Layin nan da masana suka daɗe suna ja ba su san ko mi ne ne ba, ashe elektoron biyu ne na tarayya. Wanga shi ne ɗaurin tarayya.

Mu gwada da ruwa. Oksijen na da elektoron 6 a waje, saura 2 ya cika takwas. Idirojen na da 1 kaɗai, kuma shi ƙaramin atom ne, 2 sun ishe shi. Sai oksijen ya yi tarayya da idirojen ɗaya a wannan gefe, ya yi da wani a wancan gefe. Oksijen ya ƙirga 8, kowane idirojen ya ƙirga 2. Dalilin da ya sa ruwa ke da idirojen 2 da oksijen 1 ke nan. Karbon na da 4 a waje, yana neman 4, don haka hannu huɗu gare shi. Da hannuwan nan yake kama ɗan uwansa karbon, su yi sarƙa mai tsawo. Man gyaɗa, sukari, auduga, gas na girki, naman jikinmu, duk bisa wannan sarƙa aka gina su.

Wani lokaci atom biyu na tarayya da elektoron 4, wani lokaci da 6. Azot da ke cikin iska, wanda ya kai kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, da 6 yake ɗaure da ɗan uwansa. Ɗaurin na da wuyar kwancewa ƙwarai. Shi ya sa gero ke tsaye cikin iska mai cike da azot amma ba ya iya cin sa, sai an kawo masa taki. A nan ne akwatin Luwis ya ƙare aikinsa, don akwati biyu ba su iya haɗa kusurwa shida ta haka. Luwis bai nace ba. Ya saki akwatin, ya riƙe abin da ya fi muhimmanci, wato elektoron biyu-biyu. Ya ƙirƙiro hanyar rubuta su da ɗigo: a rubuta harafin atom, a sa ɗige-ɗige kewaye da shi, ɗigo biyu tsakanin haruffa biyu na nufin ɗauri ɗaya. Har yau ɗaliban lise na zana ɗigon nan a allo, kuma da sunansa ake kiran su.

Akwai wani abu kuma da ya gani, wanda a ganina ya fi sauran zurfi. Tarayya ba kullum take raba daidai ba. Rijiya na iya zama ta gida biyu amma ta fi kusa da ƙofar ɗaya. Cikin ruwa oksijen ya fi idirojen ƙarfin ja, elektoron sun fi karkata wajensa. Sai gefensa ya ɗan yi ragi, gefen idirojen ya ɗan yi ƙari. In ƙarfin jan ya yi yawa sosai, mai ƙarfi ya kwashe duka, an koma ɗaurin iyon ke nan. Ashe ɗaurin nan biyu bakin hanya ɗaya ne, wannan a farko, wancan a ƙarshe, kuma yawancin abubuwa suna wani wuri a tsakani.

Da wannan aka gane narkewar gishiri. Molekil na ruwa suna kewaye sodiyom da gefensu na ragi, suna kewaye kulor da gefensu na ƙari, su ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Iyon ɗin da suka saku suna yawo cikin ruwan, shi ya sa ruwan gishiri ke ɗaukar kuran. Sukari ma na narkewa, amma ba ya rabuwa ya zama iyon, don haka ruwan sukari ba ya ɗaukar kuran kamar na gishiri. Kanwa kuwa ta haɗa duka biyu. Cikinta karbon da oksijen suna ɗaure da tarayya, sannan ƙungiyarsu ta manne da sodiyom ta ɗaurin iyon. Kada kuma wani ya ce ɗaurin tarayya rarrauna ne don ruwa na saurin tafasa. In ruwa ya tafasa molekil ne ke rabuwa da juna, amma ɗaurin da ke cikin kowane ɗaya bai tsinke ba. Lu'ulu'u karbon ne zalla mai ɗaurin tarayya, kuma cikin duwatsu babu mai taurinsa.

Gaskiya ita ce ba Luwis kaɗai ke wanga tunani ba. Tun 1904 wani Bajamushe, Abeg, ya lura da ƙa'idar takwas. Cikin 1916 ɗin nan wani Bajamushe, Kosel, ya bayyana ɗaurin iyon da kyau ba tare da ya san aikin Luwis ba. Amma tarayyar elektoron biyu, wannan ta Luwis ce.

Wani ya shuka, wani ya yi talla

Takardar ta fito ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, mutane ba su kula da ita ba. Luwis kansa ya sa kayan soja ya tahi Faransa. A wanga yaƙi an yi amfani da iska mai guba, har da kulor ɗin nan na cikin gishiri, wanda sojan Jamus suka saki a 1915. Aikin Luwis shi ne horar da hafsoshi yadda za su kare sojoji daga gubar. Amurka da Faransa duk sun ba shi lambar girma.

A 1919 wani masani mai suna Langmiyur, wanda ke aiki a kamfanin General Electric, ya ɗauki ra'ayin ya faɗaɗa shi. Langmiyur ya iya baki. Ya yi ta yawo yana lacca, ya raɗa wa ɗaurin tarayya sunan da Turawa ke kiransa da shi har yau, kobalan. Bai ɓoye sunan Luwis ba, amma mutane suka fara haɗa sunayen biyu, wasu ma suna faɗin na Langmiyur kaɗai. Abin ya ci wa Luwis rai ƙwarai, kuma bai huce ba.

A 1923 ya fitar da littafi biyu. Ɗaya kan ɗaurin atom, ɗaya kan zafi da ƙarfin sinadarai, wanda suka rubuta tare da Randal. Cikin na farkon ya ba da sabon bayani kan asid da kishiyarsa: ɗaya na karɓar elektoron biyu, ɗaya na miƙa su. A 1926 shi ya raɗa wa ƙwayar haske suna foton. A 1927 wasu masana biyu, Haitla da London, suka nuna da lissafi cewa lalle elektoron biyu na iya ɗaure atom biyu na idirojen. A 1933 Luwis ya zama na farko da ya tace abin da ake kira ruwa mai nauyi. Da Lainus Polin ya buga babban littafinsa kan ɗaurin sinadarai a 1939, ga Luwis ya sadaukar da shi.

A Barkili ya gina sashen da ya zama ɗaya daga cikin mafi ƙarfi a duniya. Ya sa manyan malamai su riƙa zama da sabbin ɗalibai a ɗakin gwaji. Kowane mako ana taro, malamai da ɗalibai, shi yana zaune da sigarinsa mai kauri, kowa na da izinin tambaya da gardama. Mutanen da suka bi ta wanga sashe sun ci kyautar Nobel ɗaya bayan ɗaya: Yuri a 1934, Jiyok a 1949, Siborg a 1951, Libi a 1960, Kalbin a 1961.

Shi kuwa bai taɓa samu ba. Sau 41 aka ba da sunansa. Nernst ya samu, Ricas ya samu, Langmiyur ya samu a 1932 kan wani aiki dabam. Dalilan na da yawa, amma akwai ɗaya da masu tarihi suka tono cikin takardun kwamitin. Luwis ya sha tona kurakuran Nernst a bainar jama'a, da harshe mai kaifi. Cikin masu zaɓen a Suwidin kuwa akwai abokin Nernst, mai suna Palmaya, wanda ya riƙa rubuta rahoto marar kyau kan aikin Luwis. Wanda ya zagi mai gari, ya tuna ɗan uwan mai gari na iya zama alƙali. Luwis ya ƙara janye jiki daga mutane. A 1934 ya fita daga babbar majalisar masana ta ƙasarsa.

Bai bar aiki ba. Ya sauka daga shugabanci a 1941, ya ci gaba da bincike kan launi da kan abubuwan da ke ci gaba da haske bayan an kashe fitila. Ranar 23 ga Maris 1946 Langmiyur ya zo Barkili karɓar digirin girmamawa, suka ci abincin rana tare. Bayan haka Luwis ya koma ɗakin gwajinsa, inda yake aiki da wani ruwa mai mugunyar guba, siyanid. Can wani ɗalibinsa ya shiga ya iske shi kwance a ƙasa, gubar ta cika ɗakin. Likitan hukuma ya rubuta cewa ciwon zuciya ne. Wasu abokan aikinsa sun yi zaton shi ya kashe kansa, wasu kuma sun ce zuciyar ce ta tsaya, kwalbar ta fashe daga baya. Yana da shekara 70.

Ya bar ɗiya uku, mace ɗaya da maza biyu. Mazan duka sun zama malaman shimi a jami'a.